Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Wani Magoyin Bayan Toronto Maple Leafs

A ƙasar Kanada, inda tsananin sanyi kan daskarar da tafkuna wata da watanni, babu wasan da ya kai ƙwallon gora na kan ƙanƙara daraja, watau wanda ake kira hoki. 'Yan wasa shida-shida ne ke shiga fili, har da mai tsaron gida, kowa sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi bisa ƙanƙara suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. Akan buga wasan kashi uku, kowane kashi minti 20. Babbar gasarsa ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32 daga Kanada da Amurka, kuma abin da kowace ke nema shi ne Kofin Stanley. Ƙungiyar Toronto Maple Leafs ta ɗauki wannan kofi sau 13, Montreal Canadiens ce kaɗai ta fi ta. Sai dai fa ɗaukarta ta ƙarshe a 1967 ce, kuma daga nan har ƙarshen kakar 2025 ko wasan ƙarshe ba ta sake kaiwa ba. Babu ƙungiyar da ta taɓa yin jira mai tsawon haka a tarihin gasar.

Akwai wani dattijo a gabashin birnin Toronto, tsohon direban bas, wanda duk wannan jira da shi aka yi shi. Yana ɗan shekara goma ranar 2 ga Mayu, 1967, lokacin da ƙungiyar ta doke Montreal da ci 3 da 1 ta ɗauki kofi, a shekarar da ƙasar ke bikin cika shekara ɗari. Tawagar ta dattawa ce, domin ɗaya daga masu tsaron gidanta, Johnny Bower, yana da shekara 42. Mahaifinsa ya kai shi kallon jerin gwanon murna a tsakiyar gari, kuma da yaron ya gaji ya nemi a koma gida, sai uban ya yarda, yana cewa ba komai, ai za su sake zuwa. Wannan ba wauta ba ce, don kuwa kofi na huɗu ke nan cikin shekara shida. Ƙungiyoyi shida ne kawai a gasar a lokacin. A ƙarshen shekarar aka mayar da su 12, neman kofi ya zama gwagwarmayar taron jama'a, kuma uban ya rasu bai sake ganin jerin gwano ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan bawan Allah ba ya kuka da shekarun lalacewa. Daga 1972 zuwa rasuwarsa a 1990 ƙungiyar tana hannun Harold Ballard, attajirin da ya yi zaman kurkuku kan zamba, ya yi ta korar masu horarwa, ya ɓata da manyan 'yan wasansa, har kyaftin Darryl Sittler, gwanin da ya kafa tarihin maki goma a wasa ɗaya a 1976, ya bar ƙungiyar a 1982. Dattijon yakan ce waɗannan shekaru sun zo masa da sauƙi. Wanda ya san babu tuwo a gida yakan kwanta ya yi barcinsa. Mutum ya kunna talabijin daren Asabar, ya ga an lallasa ƙungiyarsa, ya zagi mai ita, ya kashe, shi ke nan. Akwai wanda za a ɗora wa laifi, kuma wannan ma wani irin hutu ne.

Shekarun da suka hana shi barci su ne waɗanda aka kai bakin rijiya. Ya kamata a san cewa bayan wasanni sama da 80 na kaka, ƙungiyoyi 16 kan shiga zagayen fid da gwani, inda biyu-biyu za su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu, wadda ta sha kashi kuwa ta koma gida. Sai an haye irin wannan zagaye huɗu kafin a taɓa kofi. A 1993 Toronto ta haye biyu, ta kuma shiga gaban Los Angeles Kings da wasa uku da biyu a zagaye na uku. Wasa ɗaya ya rage mata ta je ta gamu da Montreal, tsohuwar abokiyar gabarta, a wasan ƙarshe, abin da ilahirin ƙasar ke ɗoki. A wasa na shida aka tashi kunnen doki aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci ya gama. Nan ne sandar Wayne Gretzky ta sami Doug Gilmour, gwarzon Toronto, a haɓa har jini ya fito. Bisa doka korar Gretzky ya kamata a yi, amma alƙalin wasa Kerry Fraser bai busa ba. Jim kaɗan Gretzkyn nan da kansa ya jefa faifai a raga. Bayan kwana biyu ya zo Toronto ya ci uku, aka fitar da masu gida da ci 5 da 4. Daga baya Fraser ya amsa cewa ya yi kuskure, amma dattijon bai ga abin da amsawar ta ƙara masa ba. Abin da ya fi ci masa rai ma shi ne, Gretzky ɗan Brantford ne, garin da ke lardin Ontario ɗaya da Toronto, watau na gida ne ya yi musu wannan aika-aika.

Na 2013 kuwa ko ambatonsa ba ya so. Ranar 13 ga Mayu, a wasa na bakwai da Boston Bruins, Toronto tana gaba da ci 4 da 1 saura minti goma sha ɗaya a tashi. Dubban matasa sun cika dandalin da ke wajen filin wasan Toronto suna kallo a babban allo suna tsalle. Shi kansa dattijon, da ya kamata a ce duniya ta koya masa, ya ɗauki waya ya kira 'yarsa yana dariya. Boston ta rama ɗaya, sa'an nan ta fitar da mai tsaron gidanta ta ƙara ɗan wasa, ta zura biyu cikin minti ɗaya da rabi na ƙarshe, Patrice Bergeron kuma ya ƙarasa aikin a ƙarin lokaci. Tun daga ranar ba ya taɓa waya sai an busa tashi.

Akwai kuma abin da ya wuce baƙin ciki ya zama abin dariya. A Fabrairun 2020 masu tsaron gidan Carolina Hurricanes biyu duk suka ji rauni a wasa da Toronto, aka sa wa David Ayres kaya, mutum ɗan shekara 42 mai tuƙa motar gyaran ƙanƙara, wanda kuma ya taɓa neman abinci a ƙarƙashin kamfanin da ya mallaki Toronto ɗin. Ya tare takwas daga cikin bugu goma, Carolina ta ci 6 da 3. Dattijon ya ce a daren nan ya yi dariya har hawaye, kuma ita ce dariyar da ta fi kowace wanke masa zuciya.

To, me ya hana shi sauya sheƙa? Abokansa sun sha yi masa wannan tambaya, shi ma kuma yana da wata da ta fi ta ɗaci. A 2024 mujallar Forbes ta sa Toronto a gaban dukan ƙungiyoyin gasar wajen daraja ta kuɗi. Filin wasanta cike yake ko ana ci ko ana shan kashi, tikiti kuwa ya yi tsadar da tsohon direban bas ba ya iya saye, kujerun gaba sun zama na manyan kamfanoni da baƙinsu. Tun da aka bar tsohon filin Maple Leaf Gardens a 1999, sau uku kacal ya shiga sabon. Saboda haka yakan tambayi kansa ko irin biyayyarsa ce ke sa masu ƙungiyar ba sa jin zafin rashin kofi, tun da kasuwarsu ba ta taɓa faɗuwa ba. Zargin nan yana da ƙamshin gaskiya a zamanin Ballard. A zamanin baya-bayan nan kuwa da wuya ya tsaya, domin tun 2005 gasar ta ƙayyade iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashin 'yan wasa, ta yadda dukiya ba ta sayen kofi, kuma Toronto ta tara gwanaye irin su Auston Matthews, wanda ya ci 69 a kakar da ta ƙare a 2024. Ga gwanaye, ga kuɗi, ga jama'a, babu wanda za a zaga. Wannan ya fi zamanin Ballard wuyar haɗiya.

Amsar da yakan bayar ba ta da ado. Ya ce ba shi ya zaɓi ƙungiyar ba, tarar da ita ya yi a gida, kamar yadda ya tarar da sunan mahaifinsa, kuma duk hirar da ya taɓa yi da uban mai tsawo a gaban talabijin daren Asabar aka yi ta. 'Yan wasa sun zo sun tafi, masu ƙungiya sun sauya, fili ya sauya, abin da ya rage shi ne shuɗiyar riga mai hoton ganye da mutanen da ke jira tare da shi. In ya koma wata ƙungiya ta ɗauki kofi, a cewarsa, murnar ta masu ita ce, shi ɗan kallo ne kawai.

A Afrilun 2023, da John Tavares ya ci Tampa Bay a ƙarin lokaci, Toronto ta haye zagayen farko karo na farko tun 2004. Gari ya ɗauki sowa sai ka ce kofin ne ya zo. Jikansa ɗan shekara tara ya tambaye shi ko bana za a yi jerin gwano, ya ce masa a bari a gani tukuna. Florida ta fitar da su cikin wasa biyar. A 2025 Floridan ce dai ta sake fitar da su, a wasa na bakwai, a gidansu, da ci 6 da 1, har wasu 'yan kallo suka tuɓe rigunansu suka jefa kan ƙanƙara don fushi. Dattijon bai ga laifinsu ba. Tasa rigar dai ya ba a wanke, ya ninke ta ya sa a akwati, ya ce a tuna masa da ita in watan Oktoba ya kama.