Shawara Ga 'Yan Makarantar Wudil Masu Son Aikin Lauya

Tun da na bar koyarwa na koma gida Wudil, babu tambayar da yara suka fi kawo mini irin ta karatun shari'a. Waɗansu su tare ni a hanya, waɗansu su aiko da takarda, waɗansu kuwa iyayensu ke zuwa, su zauna a zaure su yi ta kewaye-kewaye kafin su fito da abin da ya kawo su. Da na ga amsar da nake ba mutum ɗaya ba ta isa kunnen ɗari, sai na ga ya kamata in rubuta ta a nan, ko Allah ya sa ta yi wa wani amfani tun lokaci bai ƙure masa ba.

Na ce tun lokaci bai ƙure ba, domin a nan ne yawancinku ke faɗuwa. Yaro ya gama sakandare, sakamako ya fito, sa'an nan ya zo ya ce, "Malam, ina so in zama lauya." In ka karɓi takardarsa ka duba, sai ka ga kimiyya ya karanta shekara uku, bai taɓa zama ajin adabin Turanci ba ko sau ɗaya. To, me za ka ce masa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'o'in ƙasar nan suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a ciki lalle da Turanci da adabin Turanci, watau litireca, kuma da yawa a cikinsu suna neman lissafi. A jarrabawar JAMB ma Turanci da litireca ne kan gaba, sai a ƙara biyu daga darussa irin su tarihi, ko sha'anin mulki, ko ilmin addinin Musulunci ko na Kirista. Watau ke nan ana yanke wannan magana tun ranar da aka raba ku aji-aji a farkon babbar sakandare, kuna 'yan shekara goma sha biyar. Garinmu kuwa ya karkata ga kimiyya ƙwarai tun da aka kafa mana jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Iyaye suna ganin yaro mai ƙoƙari ajin kimiyya ya dace da shi, ajin adabi na raggaye ne. Wannan zato ba shi da tushe, kuma ya tare wa yara da yawa hanya.

Kafin in ci gaba da bayanin hanyar, bari in koma baya kaɗan, don ku san inda ta faro. A zamanin Turawa hanya biyu ce, kuma ba sa haɗuwa. Ta farko ita ce ta alƙalai. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka kawo malamai daga Sudan su horar da alƙalai da muhutai na kotunan En'e a kan littattafan Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. A 1947 aka sake mata suna ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ɗalibinta ne. Ta biyu ita ce ta lauyoyi, ita kuwa sai an ƙetare teku zuwa Landan. Mutanen Ikko sun riga mu da nisa, gama Sapara Williams ya zama lauya tun 1879, amma ɗan Arewa na farko, Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilorin, sai a 1955. Muhammadu Bello na Katsina ya biyo baya a 1956, shi ne kuma ya riƙe kujerar Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Dubi wannan rata, shekara 76. Ba rashin basira ya jawo ta ba. A lokacin doka ba ta yarda lauya ya tsaya a kotun En'e ba, to, wa zai sayar da shanunsa ya aika ɗansa koyon sana'ar da babu kasuwarta a ƙasarsu?

Gab da samun mulkin kai abin ya fara sakewa. A 1958 aka kira waɗansu masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shawararsu ce ta haifi kundin dokokin laifuffuka da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. A 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe da sashen shari'a a Zariya, a farkon 1963 kuma Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya ta fara aiki a Ikko da ɗalibai 8 kacal. Yau ga shi hanyoyin nan biyu sun haɗu a aji ɗaya. A Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ba ta wuce tafiyar sa'a guda ko biyu daga Wudil ba, digiri ɗaya ya haɗa dokar da muka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci. Abin da kakanninmu sai sun zaɓi ɗaya su bar ɗaya, ku an haɗa muku shi a akushi guda.

Karatun jami'a shekara biyar ne ga wanda ya shiga daga sakandare, huɗu ga wanda ya shiga da wata shaida ta gaba da sakandare wadda jami'ar ta yarda da ita. Wanda bai sami shiga kai tsaye ba kada ya yanke ƙauna, yana iya neman difloma ta shari'a, kamar a Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a, ya sake ƙwanƙwasa ƙofa daga baya. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai digirin shari'a ba lauya ba ne tukuna, ba ya iya tsaya wa kowa a kotu. Sai ya yi kamar shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda hedkwatarta ta koma Bwari kusa da Abuja a 1997, tana kuma da reshe a Bagauda nan Jihar Kano. A can ake koyon yadda ake shigar da ƙara da kare ta, da rubuta takardun filaye da na kamfanoni, da ladubban sana'a, a tura ɗalibi kotu da ofishin lauya ya ga aiki da idonsa. Har akwai liyafa uku da dole sai ya halarta cikin baƙaƙen tufafi, al'adar da aka kwaso daga Landan, kuma ban taɓa jin inda cin abinci ya zama sharaɗin cin jarrabawa ba sai nan. In ya ci jarrabawa, majalisar dattawan lauyoyi ta karɓe shi, sa'an nan a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Ku haɗa da shekarar bautar ƙasa, shekara bakwai ke nan, ban da yajin aikin malamai, irin na 2022 da ya ci wata takwas. Uban da zai ɗauki wannan nauyi ya kamata a gaya masa lissafin tun farko.

Ga kuma wani rami da ba a cika gani ba sai an faɗa. Ba kowace jami'a da ta kafa allo ta ce tana koyar da shari'a ba ce Majalisar Kula da Ilmin Lauyoyi ta yarda da ita, kuma wadda aka yarda da ita ma akwai adadin ɗaliban da aka ƙayyade mata a shekara. In ta kwashi fiye da ƙima, rarar sai su zauna gida suna jiran layi. Majalisar kuma karatun cikakken lokaci ta sani, ba ta karɓar na sa-kai da ake yi da yamma ko ta wasiƙa. Na san wani yaro a ƙauyen da ke hayin kogi, ubansa ya sayar da bijimai biyu da gona ya kai shi wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba. Ya gama, ya dawo da takarda mai ado da hatimi, aka yi walima. Da ya nemi shiga makarantar horo sai aka ce ba a san wannan takarda ba. Uban ya zo wurina ya ce, "Malam, ashe takarda ma akwai ta jabu kamar kuɗi?" Ban sami abin da zan ce masa ba. Saboda haka kafin a biya ko kwabo, a tambayi wani lauya, a ga sunan makarantar a jerin waɗanda Majalisar ta amince da su.

Waɗansu sukan tambaye ni game da Makarantar Horon Manyan 'Yan Sanda da ke nan garinmu, wadda ta fara ɗaukar ɗaliban digiri a 2013, tana kuwa da sashen shari'a. Hanya ce mai kyau ga wanda zuciyarsa ke son aikin ɗan sanda, domin shekara biyar zai yi yana karatu yana fareti, ya fito da muƙamin mataimakin sufuritanda. Amma wanda burinsa ya buɗe ofishinsa ya riƙa karɓar ƙararrakin mutane, ya sani kaki zai sa, kuma inda hukuma ta tura shi can zai tafi.

Tambayar da iyaye suka fi jin nauyin fitarwa ita ce, "Shin aikin lauya ba aikin ƙarya ba ne?" Ban raina wannan tambaya ba, gama sun ga abin da suka gani. Sai dai wakilci a gaban alƙali ba Bature ne ya kawo shi ba, akwai babinsa a littattafan fiƙihu da alƙalanmu suka karanta. Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, yana da ikon ya kare kansa ko ya ɗauki lauya, in kuma ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Mutum nawa ne a kasuwar Wudil suka san haka? Lauyan da ya tsaya ya ce a bi wannan ƙa'ida bai yi ƙarya ba. Wanda kuwa ya kawo shaidar zur yana sane, dokar sana'arsu ta hana, ana iya soke sunansa daga rajista. Akwai ɓatagari a cikinsu, kamar yadda akwai dillalin da ke ɓoye ciwon saniya, amma ba a taɓa rufe kara saboda shi ba.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar harshe, domin lauya ba shi da fartanya ba shi da guduma, kalma ce kayan aikinsa. Manyan kotuna da Turanci suke aiki, littattafan shari'ar Musulunci da Larabci suke, mutumin da zai shigo ofishinka da kukansa kuwa da Hausa ko Fillanci zai yi maka magana. Ku dubi gona kawai. A wurinmu aro daban, jingina daban, haya daban, kyauta daban, sayarwa daban, kowanne da hukuncinsa. Na taɓa zama a wata kotu ina sauraron shari'ar waɗansu magada. Kakansu ya ba maƙwabcinsa gona jingina a shekarar yunwa, a kan in ya sami kuɗi ya fanshi abinsa. Bayan shekaru wani mai ɗan ilmin boko ya rubuta musu takarda da Turanci, ya sa kalmar da ke nufin sayarwa, dattawa suka dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba. Kalma ɗaya, gonar da ta ci da gida uku. Tun da filaye suka yi daraja a gefen hanyar Kano da kewayen jami'a, irin wannan rigima sai ƙaruwa take yi. Haka kuma ranar Juma'a a kara, ana cinikin shanu na miliyoyi da fatake daga Kudu, wani lokaci bashi, ba takarda sai amana da shaidar dillali. Ran da amana ta karye, wa zai tsaya wa Bafillatanin da ya yi shekara biyar yana kiwon bijiminsa? Lauyan da ya zo daga nesa yana iya sanin doka sarai, amma sai an fassara masa la'ada da jingina. Kai da ka tashi a nan ka sha su a nono. Don haka kada ka yar da Hausarka don ka koyi Turanci, kada kuma ka bar makarantar allo da ta littattafai don ka shiga boko. Wanda ya haɗa Larabci da takardar lauya, bayan shekara goma yana aiki ya cancanci a duba shi a kujerar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ko ta Babbar Kotu.

Turancin kuwa ba a samunsa da haddar amsoshin jarrabawar bara. Ka karanta littafi tun daga bango har bango, ka rufe, ka rubuta abin da ya ƙunsa a shafi ɗaya, ka kai wa malaminka ya yi maka jan biro. Mai jin ƙyuyar karatu mai tsawo ya nemi wata sana'a, gama hukunci ɗaya na Kotun Ƙoli yakan fi littafin adabin da kuke kuka da shi kauri.

'Yan mata, ku ma da ku nake. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ta yi alƙalanci a Kano, ta kuma zama Babbar Jojin Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. In ana tsorata iyayenku da maganar sutura, ku gaya musu an yi wannan gardama an gama. A ƙarshen 2017 an hana wata ɗaliba shiga zauren karɓar sababbin lauyoyi saboda hijabinta, a 2018 dattawan sana'ar suka yarda, aka karɓe ta da shi.

Hutu mai zuwa, wanda ke da wannan niyya ya sa tufafi masu tsabta ya tafi kotun majistare ko kotun shari'a ta nan garin, ya gai da magatakarda, ya nemi benci na baya ya zauna. Ba a biyan kuɗin shiga. Ya yi kwana uku yana sauraro, ya ga yadda ake ɗaga ƙara sau biyar saboda shaida bai zo ba, ya ga tsohuwar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye aka ce ta dawo bayan wata guda, ya rubuta duk kalmar da bai gane ba. In ya dawo da littafinsa, ya same ni a zaure bayan la'asar mu duba tare.