Bayan Faifai: Waƙoƙi Ukun da Suka Rako "Tomorrow"

A watan Satumba na 1994, wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna Murmur, reshen Sony a Ostireliya, ya fitar da faifai mai ɗauke da waƙoƙi huɗu. Masu waƙoƙin yara uku ne 'yan makarantar sakandare daga Newcastle, garin kwal da ƙarafa da ke arewa da birnin Sidni: Daniel Johns mai rera waƙa da kaɗa jita, Ben Gillies mai ganguna, da Chris Joannou mai jitar bas. Babu wanda ya haura shekara 15 a cikinsu. Da farko suna kiran kansu Innocent Criminals, daga baya suka koma Silverchair. Waƙar farko a faifan, "Tomorrow", ta yi mako shida tana kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi ciniki a ƙasar. Sauran ukun kuwa, "Acid Rain" da "Blind" da "Stoned", rakiya suka yi mata. Labarin 'yan rakiyar nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ake ganin yadda kasuwar waƙa ke rarrabe abin da za ta tallata da abin da za ta jingine.

Al'adar ta samo asali ne daga siffar faifan kansa. A 1949 kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da ƙaramin faifan garmaho mai juyi 45 a minti guda, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar waƙa ɗaya. Fuskar farko, gefen A, ita ce ake kai wa gidajen rediyo. Ta biyun, gefen B, dole ne a cike ta, tunda ba a sayar da faifai da baya fayau. Duk wanda ya taɓa juya kaset a rikoda ya san wannan rabon, sai dai a kaset gefen biyu ci gaban na farko ne, a faifan waƙa guda kuwa akwai fifiko: gaba ta kasuwa ce, baya ta wanda ya damu ya juya.

Ba kullum hasashen kamfani ke dacewa ba. "Rock Around the Clock" ta Bill Haley a bayan faifai ta fara fitowa a 1954. Haka ma "I Will Survive" ta Gloria Gaynor a 1978, sai da masu saka faifai a wuraren rawa suka juya shi kafin duniya ta san da ita. Lokacin da faifan CD ya zo, ba shi da bayan da ake saurara, amma sunan bai mutu ba. Sai ma wurin ya ƙara faɗi, ana iya jera waƙoƙi uku ko huɗu a bayan babbar.

A wannan zamanin ne Silverchair suka fito. Sun ci wata gasa ta ƙasa mai suna Pick Me, wadda shirin Nomad na tashar talabijin ta SBS ya shirya tare da gidan rediyon matasa na gwamnati, Triple J. Cikin ladan gasar har da damar naɗar waƙa a sutudiyon gidan rediyon. Kamfanonin faifai suka yi rububinsu, Murmur ya yi nasara. Da aka zo haɗa kundinsu na farko, Frogstomp, wanda aka naɗa cikin kwana tara ya kuma fito a watan Maris na 1995, an sake naɗar "Tomorrow" a hannun furodusa Kevin Shirley. Wannan sabon naɗin ne ya ratsa Amurka, ya hau saman jerin waƙoƙin rok na mujallar Billboard. 'Yan rakiyarta uku kuwa ba su samu gurbi cikin waƙoƙi 11 na faifan CD ɗin ba.

Abin da aka bari a baya shi ya fi nuna su wane ne yaran a wancan lokaci. Waƙoƙin ɗanyu ne, masu nauyin jita, kuma kunne ba ya wahala kafin ya jiyo inuwar mawaƙan birnin Siyatil na Amurka a cikinsu, musamman Pearl Jam. Masu suka sun daɗe suna yi musu gori da wannan kwaikwayo. Amma da rarrafe yaro kan tashi, kuma babu mai fasahar da bai fara da aron muryar wani ba. Bambancin kawai shi ne galibin mawaƙa a ɗaki suke rarrafensu, ba mai gani, su kuwa waɗannan an buga nasu a faifai an sayar wa ƙasa guda. Wanda ya saurari "Acid Rain" sannan ya saurari kundin Diorama na 2002, inda Van Dyke Parks ya tsara musu kiɗan goge da bushe-bushe, zai auna nisan tafiyar shekara takwas fiye da yadda kowane sharhi zai auna masa.

Sai dai bayan faifai ba dandalin 'yanci ba ne kaɗai, haja ce. "Stoned" ta shiga kundin waƙoƙin fim ɗin Mallrats a 1995, "Blind" ta shiga na The Cable Guy a 1996. Abin da aka ga bai isa shiga kundi ba, ya isa a sake sayar da shi a Holiwud. Bayan kundi na uku, Neon Ballroom na 1999, yarjejeniyarsu da Sony ta ƙare, suka koma Eleven, kamfanin manajansu John Watson. Amma naɗe-naɗen baya suna hannun tsohon kamfani. A 2000 Sony ya fitar da tarin fitattun waƙoƙinsu haɗe da faifai na biyu na waƙoƙin bayan faifai, a 2002 kuma ya sake fitar da irin waɗannan a ƙarƙashin sunan Rarities 1994–1999. A lokacin mawaƙan sun yi nisa da wancan sauti, amma ba su ke da ikon cewa a bar shi ya huta ba. Yaro ɗan shekara 15 ya yi atisaye a gaban makirfo, atisayen ya zama kadarar wani. Wannan darasi bai tsaya ga mawaƙa ba, ya shafi duk wanda ya sa hannu a takarda tun bai san darajar abin da yake bayarwa ba.

Yau manhajojin sauraron waƙa sun kusa shafe wannan rabon baki ɗaya. A Spotify, sai an saurari waƙa na daƙiƙa 30 kafin a lissafa ta cikin waɗanda za a biya kuɗi a kansu, don haka kowace waƙa tilas ta kama kunne tun daga farkonta. Babu waƙar da ke shiga gidan mutum a kan arzikin 'yar'uwarta. An samu sauƙi, domin abin da a da sai mai tara faifai ke da shi, yanzu yana tafin hannun kowa. Amma an yi asarar wani kusurwa inda mai fasaha zai gwada abin da bai nuna ba tukuna, ba tare da an auna shi da ma'aunin kasuwa ba, mai sauraro kuma ya ci karo da abin da bai je nema ba.

Silverchair sun dakatar da aiki tare a 2011, bayan kundi biyar da kowannensu ya hau matsayi na ɗaya a Ostireliya. "Tomorrow" ce har yanzu gidajen rediyo ke sakawa. Amma mai son jin muryar yaran Newcastle kafin furodusoshi su goge ta, kafin Amurka ta san sunansu, sai ya wuce waƙar farko ya saurari ukun da ke biye da ita.