Suleja: Tulun da Ba Ya Sanyaya Ruwa

A makon jiya na sauka a Suleja, gidan wani tsohon abokina. A falonsa na ga tuluna a jere, jajaye kamar yanzu aka fito da su daga wuta. Da na ɗaga ɗaya sai na ji shi sakayau. Uwargidan ta yi dariya. Ashe tsofaffin robobi da kwalabe ne ta shafe da fenti mai launin jar ƙasa, ta gauraya shi da lallausan yashi don ya yi kaushi.

Na yaba hikimarta, amma abin ya tsaya mini a rai, domin garin nan ba baƙon yumɓu ba ne. A nan ne, tun ana kiransa Abuja, Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane. A 1954 ta karɓi mace ta farko, Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20 a yau.

Fenti na iya aron launi, amma ba ya aron aiki. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafowa ta ƙananan kafofin jikinta, iska ta busar da shi, zafi ya tafi. Roba kuwa ba ta numfashi.

Duk da haka, mai kwaikwayon abu kewarsa yake yi. Kafin in bar garin na shiga kasuwa, na tarar da wata dattijuwa zaune cikin tukwanenta, babu mai tayawa. Na sayi randa ɗaya. In kewar ta gaskiya ce, hannunta ya kamata kuɗin fentin nan ya shiga.