Wa Ke da Kududdufin Unguwa?

Mu da muka tashi a cikin birnin Kano mun san amfanin kududdufi tun kafin mu shiga aji. Daga nan kakanninmu suka haƙi ƙasar gina gidaje, ramin da ya rage kuma ya zama matattarar ruwan sama. Idan damina ta kankama a watan Agusta, can ruwan lunguna ke gangarawa.

Yanzu ana cike kududdufai da shara, a yanka filaye, a gina shaguna. Ruwa kuwa dole ya sami wurin kwana. In ya rasa, sai ya faɗa gidajen ƙasa, katanga ta zube a kan mutane.

Da muka ji za a cike na unguwarmu, mu ɗalibai da ke hutu muka zagaya da takarda da biro. Muka zana taswirar unguwar, muka nuna kowace kwata da inda take zuba, muka sa alama a gidajen da ruwa ya ci bara. Tsofaffi suka nuna mana hanyoyin ruwan da aka toshe tun ba a haife mu ba. Muka kai wa mai unguwa, ya tara dattawa da liman da kansila. Har yanzu maganar tana gaban ƙaramar hukuma, amma an dakatar da tifofin ƙasa, kuma an yi aikin gayya an yashe kwatoci.

A jami'a muka fahimci cewa muna da hurumin magana. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta. Sai dai jami'in da ke ofis bai san lungun da ruwa ke tsayawa ba. Mu ne muka sani.

Ƙannenmu na sakandare, darasin taswira da kuke yi a aji yana da aiki a gida. A hutun nan ku haɗu, maza da mata, ku zana unguwarku: filin ƙwallo, rijiya, maƙabarta, kududdufi. Ku kai wa mai unguwa cikin ladabi, ku roƙi a kira ku ranar taro. Abin da ba a rubuta ba, shi ake fara sayarwa.