Daren da Ɗalibi Ya Ci Maki 21 Bisa 20

A ƙarshen wani zangon karatu, ana gobe za mu zauna tantance sakamakon jarrabawa, muka gano cewa tambaya ta uku ta fito da kuskuren bugawa. Malaman sashe suka yanke shawarar a ƙara maki 2 ga duk ɗalibin da ya taɓa wannan tambaya. Da yake ni ne ake yi wa kallon wanda ya ɗan san kan kwamfuta, sai aikin ya faɗo kaina. Na jera sunaye 240, na rubuta ƴar gajeriyar manhaja da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta nemo kowane suna a rumbun bayanai, ta ƙara masa makinsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa a daren tafiyar na ɗauki wuƙa.

Manhajar ta yi ta gudu har layi na 137, sannan ta tsaya cak. Sunan wata ɗaliba ne a wurin, mai ɗauke da alamar hamza, irin wadda muke sakawa a Sa'adatu ko Mas'udu. A harshen SQL, da wannan alama ce ake buɗe rubutu kuma a rufe shi, don haka rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a tsakiya, ya ƙi karɓar umarnin. Cikin gaggawa na goge alamar daga jerina, na sake tura aikin tun daga layin farko. A wannan karo ya kai ƙarshe babu wani ƙorafi, na kashe kwamfuta ina jin na yi ƙwazo.

Washegari a wurin zama, shugaban sashe ya ɗago kai daga takarda, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Dakta, yaushe muka fara ba da 21 bisa 20?" Wani ɗalibi mai maki 17 ne ya koma 21. Nan take na gane abin da na aikata. Rumbun yana adana kowane gyara da zarar an yi shi, saboda haka mutum 136 na farko sun riga sun karɓi makinsu kafin aikin ya tsaya, kuma da na sake turawa suka ƙara karɓa. Waɗanda ke bayan layi na 137 sun samu sau ɗaya, kamar yadda ya dace. Ita kuwa ɗalibar ba ta samu komai ba, domin sunan da na goge wa hamza bai ƙara dacewa da wanda ke cikin rumbu ba. Umarnin gyara da bai tarar da kowa ba, a wajen rumbun ba kuskure ba ne. Ya dai gyara layi sifili, ya wuce. Makinta 9 ne, ana kuma cin darasi da 10. Ba don wancan 21 ɗin ya tona asiri ba, da ta maimaita darasin da ta ci, ba tare da ita ko ni mun san dalili ba.

Na kwana biyu ina bin takardun jarrabawa da hannu, domin ban ajiye kwafin rumbun kafin in taɓa shi ba. Bayan nan na zauna na karanta abin da masana suka daɗe da warwarewa. Jim Gray, masanin kwamfuta ɗan Amurka da ya samu kyautar Turing a 1998, ya wallafa wata maƙala a 1981 kan yadda ake ɗaure ayyuka da yawa su zama ƙulli ɗaya. A 1983 Theo Härder da Andreas Reuter suka tattara siffofin wannan ƙulli guda huɗu a cikin taƙaitaccen sunan ACID. Ta farkonsu ita ce ta shafe ni: ko dai a yi aikin duka, ko kada a yi ko ɗaya. Ana buɗe ƙullin da umarnin BEGIN, a tabbatar da shi da COMMIT, idan kuma wani abu ya lalace a warware komai da ROLLBACK. Da na bi wannan hanya, tsayawar layi na 137 da ta mayar da rumbun yadda na same shi.

Sai dai ba kowane rumbu ne yake da hali ɗaya ba. PostgreSQL, idan umarni ɗaya ya faɗi a cikin ƙulli, yakan ƙi sauraron duk abin da ya biyo baya har sai an warware. Wanda yake son tsallake layin da ya lalace ya ci gaba, sai ya kafa zango da SAVEPOINT kafin kowane layi, ya riƙa komawa zangon maimakon farkon tafiya. A MySQL kuwa, teburan da aka gina kan MyISAM ba su san warwarewa ba sam, sai na InnoDB. Wajibi ne mutum ya san halin rumbunsa kafin ya dogara da shi.

Zaɓi tsakanin warware duka da tsallake mai matsala hukunci ne na mai aikin. Idan layukan suna rataye da juna, kamar cire kuɗi daga wani asusu a zuba a wani, babu rabi da rabi. Idan kuwa kowane layi yana zaman kansa, ana iya tsallakewa, da sharaɗin a rubuta wanda aka tsallake da dalilinsa, a kuma dawo masa.

Tun daga wannan rana na kama wasu ɗabi'u. Ina neman ɗalibi da lambar rajistarsa, domin suna ɗaya kan zo da ƙ a nan da k a can, ko da ƴ ta Nijar a nan da 'y ta Najeriya a can. Ina miƙa wa rumbu bayanai daban da umarni, yadda hamza ba za ta karya komai ba. Na daina cewa a ƙara 2. Ina lissafa sabon makin in ce a mayar da shi 11, ta yadda ko sau goma aka maimaita, 11 ɗin ce za ta zauna. Na kafa wa tebur iyaka, ba ya karɓar abin da ya gaza sifili ko ya haura 20. Kafin in tabbatar da aiki kuma, ina ƙirga layukan da aka gyara, in gwada da adadin da na tura. Idan 240 na tura aka ce mini 239, ba na ci gaba sai na gano ɗayan.

Ɗalibar ta ci darasinta, kuma har ta kammala karatu ba ta ji wannan labari ba. Ni ne dai har yanzu, duk lokacin da nake koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa na iso kan hamza, nake ɓata mata lokaci fiye da yadda ɗalibai suke ganin ta cancanta.