Keke da Mahayinsa

Akwai wata gasa da Turawa ke kira tirayatalon, wato wasanni uku a jere ba hutu: iyo, da tseren keke, sa'an nan gudu. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Ironman, da aka fara a Hawayi a 1978, inda mutum zai yi iyon kilomita 3.8, ya tuƙa keke kilomita 180, ya rufe da gudun kilomita 42.2.

Wani saurayi malamin makaranta a Gqeberha ta Afirka ta Kudu, garin da ake yin irin wannan gasa, ya ɗaura aniyar shiga. Shekara biyu ya yi yana tara kuɗi. Da ya je kanti sai ya iske kekuna biyu masu kuɗi ɗaya. Na farko na hannu ne, amma giyarsa Dura-Ace ce, ƙololuwar kayan Shimano, sai dai firam ɗinsa ya yi masa tsawo. Na biyu kuwa giyar 105 gare shi, mai rahusa, amma kamar dominsa aka ƙera.

Dattijon mai kanti ya auna shi ya ce, "Samari, giya ana canza ta gobe, amma firam ba ya gajarta." Saurayi ya yi murmushi, ya ɗauki mai ƙyalli.

Ba a daɗe ba gaskiya ta yi halinta. Hikimar keken wannan gasa ita ce mahayi ya kwanta bisa sanduna biyu da ke gaba, ya dafa da gwiwar hannu, domin yawancin iskar da ke tare tafiya jikin mahayi take bugu, ba keken ba. Irin waɗannan sanduna na cikin abin da ya taimaki Greg LeMond ya cinye tseren zagaya Faransa na 1989 da tazarar daƙiƙa 8 kacal. Haka kuma akan turo sirdi gaba don kada ƙugu ya matse, ƙafafu su rage ƙarfin gudu. To, shi saurayin nan sai ya yi miƙa kafin ya kai sandunan. Cikin minti ashirin wuya ya ƙage, baya ya ɗauki ciwo, yatsu suka mutu. Dole ya miƙe zaune, alhali garinsu ya yi suna wajen iska. In ya sauka zai yi gudu, sai ƙafa ta ce ba da ita ba.

Saura wata uku gasa ya koma kanti a kunyace, ya sayar da keken da asara, ya karɓi wanda ya raina. Aka gyara masa tsayin sirdi da nisan sanduna, har ya iya sa'a biyar a kwance ba ƙorafi.

Lalle tsadar riga ba ta sa ta zauna a wuyan da ba a yanka ta dominsa ba. Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.