Tsakanin Hoto da Gilashi

Da wuya ka shiga falon wani dattijo a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango ka tarar da bango fayau. Can sama kusa da silin akwai hoton Ka'aba, ko Ayatul Kursiyyu da ruwan zinare. Ƙasa kaɗan ga maigida ranar da ya sauko daga Makka, ga mahaifinsa cikin babbar riga da rawani, baƙi da fari, zaune a kujerar mai hoto ya ɗora tafukansa bisa gwiwa. A gefe kuma takardar shaidar makarantar wani ɗa da ke Jamus ko Amurka. Mu mutanen zango mun mayar da bango ma'ajiyar tarihinmu, tun da kaɗan daga cikinmu ne suka rubuta shi. Amma a matsa kusa a duba gindin waɗannan hotuna. A da yawa daga cikinsu za a ga wani tabo mai sheƙi kamar ruwa ya kwanta bai bushe ba. Nan ne fuskar hoton ta manne da gilashi, kuma hoton da ya kai wannan hali ya kama hanyar mutuwa ko da firam ɗinsa na ƙyalli.

Kakanninmu da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga sun fito ne daga ƙasar da takarda kan yi shekaru a ɗakin ƙasa ba ta yi komai ba. Kudancin Gana ba haka take ba. Kumasi damina biyu take yi a shekara, babba da ƙarama, a Akra kuma iskar teku ba ta rabuwa da laima. Shi kuwa tsohon hoto, surar da ke jikinsa tana kwance ne cikin wani siririn shafe da ake kira jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Halinsa halin danƙo ne: in ya sha laima ya kumbura ya yi taushi, in ya bushe ya kama duk abin da ke jikinsa. Da asuba gilashi ya fi iskar ɗaki sanyi, sai raɓa ta taru a cikinsa, hoton da ke manne da shi ya shanye. Rana ta yi ya bushe, gobe a sake. Bayan 'yan shekaru hoto da gilashi sun zama abu guda. Fumfuna ma abincinta ke nan, domin jelatin nama ne a wurinta.

Maganin bai wuce rata ba, ratar da ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. Wannan farin kwali mai taga da muke gani kewaye da hotunan da aka yi wa aiki mai kyau, yawancinmu ado muka ɗauke shi, har wasu kan ce wa mai firam ya bar shi don a rage kuɗi. Alhali shi ne ke ɗaga gilashi daga fuskar hoto. Kaurinsa kamar milimita ɗaya da rabi ya isa. Ana yanka tagar ta fi hoton ƙanƙanta da kamar milimita uku a kowane gefe, domin ta danne bakinsa, da sabuwar reza da rula ta ƙarfe, a ja sau biyu ko uku a hankali maimakon a danna da ƙarfi sau ɗaya. Wanda ba ya son ganin kwalin sai a yanka masa sirara a jera su a ɓoye ƙarƙashin leɓen firam, tsakanin gilashi da gefen abin da aka ɗora hoton. Ba a ganinsu, aikinsu kuwa ɗaya ne.

Sai dai ba kowane kwali ba. Kwalin sabulu ko na madara da masu firam na bakin titi ke yankawa su sa a baya, da siririn falankin da ake rufewa da shi, duk suna ɗauke da asid. Shi ke bin takarda ya mayar da ita ruwan ƙasa, har a ga layukan kwalin sun fito a bayan hoto kamar kunyoyin gona. Abin da ya dace ya taɓa hoto, gaba da baya, shi ne takarda mai kauri da aka yi da auduga, irin wadda masu zanen ruwa ke saya a kantunan kayan zane. In dole sai an rufe da falanki, a shimfiɗa takardar alminiyom irin ta naɗe abinci a tsakaninsa da takardar audugar, ta zama katanga.

Yanzu ga inda muka fi ɓarna, wato riƙe hoton a wurinsa. Al'adar da ta zama jiki ita ce a shafa gam a bayansa a danna a kwali, ko a bi gefensa da salatef. Salatef kuwa 'yan shekaru kaɗan yake yi ya bushe ya faɗi, ya bar maiƙo mai ruwan ɗorawa da ya ratsa takarda, ba ya fita har abada. Abin mamaki shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin illar wannan. A duba yadda malamanmu ke adana Alƙur'ani rubutun hannu. Warƙoƙinsa a sake suke, ba ɗinki ba gam. A haɗa su tsakanin bango biyu na tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a zura cikin gafaka. Takardar tana da sararin da za ta miƙe in laima ta zo, ta motse in hunturu ya shigo, kuma duk ranar da aka so fitar da warƙa ɗaya za ta fito yadda aka sa ta. Wannan ita ce ƙa'idar da masu adana kayan tarihi ke bi a duniya: kada ka yi wa abu aikin da wani ba zai iya warwarewa a bayanka ba. Mun gaje ta, sai muka bar ta a zaure ba mu shigo da ita falo ba.

A aikace abin mai sauƙi ne. A naɗe 'yan guntayen farar takarda su zama aljihu mai kusurwa uku, guda huɗu, a manna su a jikin takardar baya, sannan a zura kusurwoyin hoton a ciki. Gam ya taɓa aljihu, bai taɓa hoto ba. Kada a matse su; a bar ɗan sarari kamar kaurin farce. Masana a ƙasashen sanyi sukan rataye takarda daga sama da 'yan harsunan siririyar takarda da kunun sitatin alkama, kuma hanya ce mai kyau, amma a nan inda kyankyaso da asu ke neman sitati ido rufe, mu mun fi amincewa da aljihun.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Bayan hoto ma shaida ne. Masu hoto na da sukan buga hatiminsu a baya, da sunan shago da gari, wani lokaci har da kwanan wata, iyayenmu kuma sukan ƙara suna da ajami. Akra ta daɗe da shagunan hoto. Deo Gratias da ke Jamestown tun 1922 aka buɗe shi. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, kuma zangunanmu ne suka fi jin jiki. Gidaje sun rabu, wasu sun tafi Najeriya da Nijar ba su dawo ba, abin da ya rage nasu a nan shi ne fuska a bango. Al'ummar da har gobe akan tambaye ta daga ina ta zo ba ta da hujjar da ta fi ƙaramin hatimi mai nuna cewa kakanta ya zauna a Kumasi tun kafin 'yancin kai na 1957. Ranar da aka shafe bayan hoton nan da gam aka danna a kwali, an binne wannan hujja.

Haka nan laminatin, wanda ya zama yayi. Injin yana narka roba da zafi ya haɗe ta da takarda, ba ta ɓantaruwa sai da fuskar abin da ke ciki, kuma akwai ofisoshin da ba sa karɓar takardar asali in an yi mata haka, tun da ba za su iya taɓa hatiminta ba. A yi wa kwafi, a bar asali.

To, in aikin gama ya riga ya gama fa, hoto ya manne? Abu na farko, kada a ja. Ja ɗaya zai bar rabin fuskar kaka a jikin gilashi. A fitar da gilashin da hoton tare daga firam, a goge bayan gilashin, a kife shi a injin sikan a ɗauki kwafi mai kyau ta cikinsa. In babu inji, a kai shi inuwa a ɗauka da waya, haske na zuwa daga gefe, mai ɗauka ya sa baƙin tufafi don kada inuwarsa ta fito. Sai an mallaki wannan kwafi ake tunanin mataki na gaba. Za a ji masu cewa a jiƙa shi a ruwa zai saki. Yakan saki wani lokaci, amma in fumfuna ta riga ta ci jelatin ɗin, ruwa narkar da shi zai yi, surar ta bi ruwa a kan idon mai ita. Wanda aka yi wa kala da hannu ko aka yi rubutu a jikinsa shi ma ba ya jure ruwa. A ganinmu da muguwar rawa gara ƙin tashi: a bar shi da gilashinsa, a naɗe a ajiye a kwance, a rataye kwafin.

Shi kansa firam ɗin aikin kafinta ne, kuma a kusurwa ake gane gwani. Yanka takwas ne, kowanne digiri 45. In kowane yanka ya kauce da rabin digiri, kusurwar ƙarshe za ta buɗe baki da digiri huɗu, babu ƙusar da za ta rufe ta. Dole ɓangarori biyu masu fuskantar juna su zama tsawo ɗaya, shi ya sa gwanaye ke haɗa su su yanka tare. Bayan an haɗa, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, firam ya tsaya daidai. Bakin katako yana shan gam kamar ƙasar rani, don haka a shafa na farko a bari ya ɗan sha iska, sannan a ƙara a haɗa. Wanda ba shi da abin matsewa, robar cikin tayar keke da aka yanka doguwa ta wadatar, a zagaye firam ɗin da ita a ɗaure har gam ya kama. Kusurwar da ta buɗe daga ciki bayan wata biyu ba laifin zarto ba ce, ɗanyen katako aka sayar maka, ya bushe ya motse. Wawa yana da araha da sauƙin aiki, shi ya cika kasuwa daga Sokoban har kasuwar katako ta Akra, amma gara da ƙwaron da ke huda katako suna ƙaunarsa. In ka ga gari-gari a ƙasan firam, sun shiga. Odum, wanda muke kira loko, ya fi tsada da nauyi, gara kuma ba ta cika kula shi ba. Gilashi a yanka shi ya gaza gurbinsa da milimita biyu, domin katako yana motsi, in ya matse shi sai ya tsage.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sidi ɗaya, wato zaɓen lokaci. Iskar da aka rufe a cikin firam ita za ta zauna da hoton shekara da shekaru. Wanda ya rufe a watan Yuni ya kulle damina a ciki. A jira hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, a baje hoto da kwali da takarda a ɗaki su kwana biyu su bushe, sannan a haɗa, a bi bakin baya da takarda mai gam a toshe hanyar ƙwari da ƙura. In hoton ya nannaɗe saboda bushewa kada a kai masa dutsen guga. A sa shi tsakanin takardu masu tsabta, a ɗora littafi mai nauyi, a ba shi kwanaki.

Wurin ratayewa ma da magana. Bangon da ruwan sama ke duka ta waje, da wanda ya haɗa da banɗaki, suna jiƙa firam ta baya. A guje su, a guji saitin hayaƙin kurfoti da inda rana ke faɗowa ta taga, domin tana sa hotunan kala su koɗe. A manna guntun toshiyar kwalba ko na tsohon silifa a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa ratsawa tsakanin firam da bango. Sannan a gaya wa yaran gida masu sharar Sallah kada su fesa ruwa a gilashi. Ruwan yana gangarawa ya shige ta ƙarƙashin leɓe, takarda ta zuƙe shi, shi ya sa tabon ya fi fitowa a gindi. A jiƙa tsumma kaɗan a goge, shi ke nan.

Rubutun hannu kuwa, wasiƙar kaka da ajami ko warƙar wani littafi, ba ma ganin bango wurinsa ne sam. Sau da yawa rubutun gaba da baya ne, firam zai ɓoye rabi, tawadar bagaruwa da ƙarfe kuma tana cin takarda in ta samu laima. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana aron littattafai, ta ɗauki kwafi ta mayar wa masu su, cikinsu har da rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete Karachi, wanda ya rasu a 1934. Abin da jami'a ta yi da manyan injuna, yau kowane shagon kwamfuta a Mamobi zai yi maka. A rataye kwafin, asalin ya koma gafaka. Kafin a rufe bayan kowane firam kuma, a samu tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, a ce, "Hajiya, wane ne wannan na hagu, ɗan wa ne, a wane gari aka ɗauka?" A rubuta amsarta a takardar baya da fensir, domin tawadar biro tana ratsa takarda in ta daɗe.